Kafsul ɗin delko a Land Cruiser mai injin 2F: ina zuƙar take ɓacewa?

Wani bawan Allah ne ya aiko da tambaya daga Garwa, a arewacin Kamaru. Yana da Land Cruiser FJ45 a-kori-kura ƙirar 1981, mai injin fetur 2F, yana jigilar kaya tsakanin Garwa da Ngaundere, ranakun kasuwa kuma ya shiga ƙauye. Ya ce motar ta koma shan mai fiye da da, allurar zafi tana hawa in ya miƙe hanya ko da ba kaya, kuma da zarar ya ɗan taɓa totur daga silo, wato gudun da inji ke yi ba a taka totur ba, sai ta yi kamar za ta mutu kafin ta ɗauka. Da ya kai ta gareji aka ce ɗan gwangwanin da ke maƙale a jikin delko, wato distiributa, shi ne ya mutu. Aka cusa ƙusa a tiyonsa, aka murɗa delko gaba. A cikin gari ta ƙara kuzari, amma yanzu in ta yi zafi kik, wato abin da ke tayar da inji, yana nauyi, a hawan falez, wato dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere, kuma tana wata ƙara ƙas-ƙas. Yana tambaya ko gwangwanin nan dole ne, da yadda zai tabbatar shi ne ya lalace.

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa nema albarka. Kafin mu shiga bayani, ina roƙonka kada ka sake hawa falez da kaya sai an mayar da delkon nan baya. Ƙarar da kake ji, irin ta tsakuwa a cikin gwangwani, alama ce ta wuta tana zuwa da wuri fiye da kima. Matsi da zafi sun yi yawa a silinda, ragowar man yana fashewa lokaci guda maimakon ya ci a hankali, yana dukan kan fiston. In aka daɗe a haka ringi ya karye, ko gaskit ya ƙone, wani lokaci ma kan fiston ya huje. Injin 2F yana da haƙuri ƙwarai, shi ya sa bai nuna maka ba tukuna.

Gwangwanin nan, wanda muke kira kafsul, yana da aikin da murɗa delko ba zai taɓa yi ba. Mai da iska ba sa ƙonewa nan take, sai sun ɗauki ɗan lokaci. Don haka buji yake ba da wuta tun fiston bai kai ƙololuwa ba, yadda ƙarfin turin zai cika a lokacin da ya fara gangarowa, wajen digiri 15 bayan ƙololuwar. Wannan gabatar da wuta shi ne abans, kuma ta hanya uku delko yake samar da shi. Akwai na zaman delkon kansa, wanda ake ɗaurewa da noti, ba ya canzawa; a injin 2F digiri 7 ne kafin ƙololuwa. Akwai na ƙarafa biyu da ke can ƙasan delko, waɗanda gudun inji ke buɗewa sifirin yana mayar da su. Su gudu kawai suka sani, ba ruwansu da ko motar tana cike da buhunan masara ko babu komai a bayanta. Na ukun shi ne kafsul, kuma shi kaɗai ya san nauyin da inji ke ja.

Ga yadda yake sani. In kana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙafa sama-sama a kan totur, faifan da ke maƙogwaron kabireta kusan a rufe yake. Inji yana ja, iska ba ta isa, sai zuƙa mai ƙarfi ta taru a manifol, wato bututun da ke kai mai da iska daga kabireta zuwa silinda. A wannan hali silinda ba ta cika, abin da ya shiga kaɗan ne kuma a hankali yake ci, saboda haka yana bukatar a kunna shi da wuri sosai. Zuƙar nan ce take bi ta tiyo ta ja tantanin roba da ke cikin kafsul, tantanin ya ja ɗan hannun ƙarfe, hannun ya juya farantin da falatine, wato kwantak, ke zaune a kai, wuta ta gabata. A yawancin injuna irin waɗannan ƙarin yana kaiwa digiri 10 zuwa 20 a karanshaf. Da ka danne totur a hawa, faifan ya buɗe, zuƙa ta faɗi kusan sifili, sifirin ya mayar da faranti, ƙarin ya tafi. Ya tafi ne daidai lokacin da silinda ta cika, man yana ci da sauri, inji ba zai iya ɗaukar ƙarin ba.

To abin da aka yi maka, an ɗauki abans ɗin da ya kamata ya riƙa zuwa yana tafiya, an ɗaure shi da noti. Yana nan lokacin tayarwa, shi ya sa fiston ke turo kik baya. Yana nan a falez, shi ya sa take ƙara. A miƙaƙƙiyar hanya kuma, inda ake bukatarsa, bai isa ba, don ba wanda zai ƙara wa delko digiri 15 mota ta ci gaba da tashi lafiya.

Alamomin da ka fara gani sun yi daidai da rashin abans na zuƙa. In wuta ta makara, kafin mai ya gama ci fiston ya riga ya sauka, sai ragowar wutar ta fita ta bawul ɗin salansa. Ƙarfin da ya kamata ya tafi taya ya koma zafi a kan inji da manifol, kai kuma ka ƙara taka totur, mai ya tafi. A Garwa, watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, lagireto ba shi da rarar da zai shanye wannan. Shaƙewar da take yi daga silo kuwa ta fi kama da yagaggen tantani: tiyon ya zuƙo iska maimakon ya ja roba, mai ya yi kaɗan a daidai wannan gaɓar. In har yanzu tana shaƙewa bayan an toshe tiyon, a duba ɗan famfon da ke feso mai a kabireta in an taka totur.

Amma "kafsul ya mutu" hukunci ne da ake saurin yankewa. Zuƙa tana tasowa daga kabireta, ta bi tiyo, ta ja tantani, ta juya faranti, kuma ko'ina a cikin huɗun nan aikin yana iya tsayawa. A motocin da ke zuwa hannuna, faranti da tiyo sun fi tantani yawan laifi.

Fara da inji a kashe. Cire murfin delko, ka samo sabon tiyo mai tsabta ka sa a bakin kafsul, ka zuƙa da baki kana kallon faranti. Kada ka yi da tsohon tiyon, akwai tururin fetur a ciki. In iska tana ta zuwa ba iyaka, tantani ya yage, magana ta ƙare. In ka ji ya toshe, farantin ya juya, sai ka danne bakin tiyon da harshe ka ƙirga talatin. Lafiyayyen kafsul zai riƙe farantin a wurin, ka saki harshe ya koma da sauri har ka ji ƙarar komawarsa. Wanda ke sulalewa a hankali harshenka na nan yana da ɗan huji, kuma hujin ƙaruwa zai yi. In kuwa ya toshe, yana riƙe harshe, amma faranti bai motsa ba, to tantani lafiya lau yake, farantin ne ya cije. Wanda bakinsa ya kasa jan sifirin ya sayo babban sirinji mai cin mililita 50 ko 60 a kantin magani, yana yin aikin sarai.

Ka lura da ɓangaren da farantin ke juyawa. Rotar 2F, wato abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin delko yana raba wa buji wuta, tana bin hannun agogo. Farantin da ya juya saɓanin haka abans yake bayarwa; wanda ya bi rota jinkirta wuta yake yi. Ina faɗar wannan ne saboda akwai delkon da aka ƙera wa kasuwar Amurka a farkon shekarun 1970 wanda kafsul ɗinsa jinkirtawa yake yi don rage hayaƙi, akwai kuma mai baki biyu. Motar da ta haura shekara arba'in tana yawo hannu zuwa hannu ba lallai delkon da ta fito da shi ne a jikinta ba. In naka mai baki biyu ne, gwada kowane baki daban ka ga abin da yake yi.

Bari in ɗan daɗe a kan farantin nan, don shi ake yawan tsallakewa. Hawa biyu ne, na sama yana juyawa a kan na ƙasa bisa wasu 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da tsohon giris su daskare. Da damina a tsallaka mayo, wato rafi, ko masu wankin mota su harba ruwa cikin inji, tsatsa ta biyo baya. Zare ɗan maƙalin da ke riƙe hannun kafsul, ka juya farantin da yatsa. Ya tafi sumul da ɗan nauyi kaɗan, ba cijewa, ba kuma girgiɗi sama da ƙasa. In ya cije, a ciro shi a wanke da kananzir, a buɗe shi a kan tire ko farin ƙyalle don ƙwallayen suna da saurin ɓata, a shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan. In ya yi yawa yakan narke ya kai kan falatine. Farantin da ke tafiya amma yana nawa wajen komowa shi ma matsala ne: ka danne totur, zuƙa ta tafi, shi bai dawo ba, sai ka ji ƙas-ƙas na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta yi shiru.

Akwai kuma wayoyi biyu sirara a wurin da ba a cika kulawa da su ba. Ɗaya tana haɗa farantin da jikin delko, ita ke ba shi mas, wato hanyar da wuta ke bi ta koma jikin inji. Ɗayar tana kawo wuta daga bobin, wato koyil, zuwa falatine. Duk motsin faranti sai sun lanƙwasa, shekara da shekaru, har su karye a cikin rigarsu ba a gani. Motar da ke silo lafiya, take gudu lafiya in an danne, amma take fizga a ƙaramin totur, sau da yawa wannan ne ciwonta. Shi ya sa wani zai toshe tiyo ya ga fizgar ta daina, ya ce kafsul ne mai laifi, alhali waya ce ta 'yan kuɗi kaɗan.

Tiyo ba ya bukatar dogon bayani. Cire shi gaba ɗaya, ka lanƙwasa bakunansa ka ga ko sun tsattsage, ka hura ka ji ko iska na wucewa. Wanda mai ya jiƙa ya yi laushi yakan manne in ya yi zafi. A tsofaffin motoci ana samun ƙwallon boris da wani ya tura ciki tun tuni, daga waje ba a gane komai. In akwai ɗan bawul a tsakiyar tiyon, ko wanda ke kusa da tamostat mai hana zuƙa wucewa sai inji ya yi ɗumi, tsallake su da tiyo ɗaya miƙaƙƙe lokacin gwaji.

Sai inda zuƙar ke fitowa, kuma nan aka fi rikicewa. Kabireta Aisan ta 2F tana da ɗan bututu na musamman don delko. Raminsa yana buɗewa ne a cikin maƙogwaro, sama kaɗan da gefen faifan totur in yana rufe. A silo faifan yana ƙasa da ramin, don haka babu zuƙa. Ka ɗan taɓa totur, gefen faifan ya haura ramin, zuƙa ta zo. Da yawa sun ɗora yatsa a bututun a silo, ba su ji komai ba, suka ce ya toshe, alhali haka aka yi shi. Ɗora yatsanka, wani ya ɗaga inji a hankali zuwa kamar 1,500 ko 2,000 ya riƙe. A nan ne zai kama yatsa. In bai kama ba ramin ya cika da datti, a fesa masa maganin wanke kabireta a bi da iska. Kada a sa masa ƙusa ko diril, faɗinsa da wurin zamansa aunannu ne. In kuma ka sami zuƙa tun a silo, ko dai tiyon yana kan bututun manifol, ko an ɗaure sukurun silo har faifan ya buɗe ramin. Na biyun yana yawan samun motar da wutarta ta makara: ta kasa silo, a ƙara mata sukuru, ramin ya buɗe, wanda ya zo saita taimin, wato lokacin wuta, bai cire tiyo ba ya saita a kan ƙarya.

Za ka ji masu cewa a ɗauko zuƙar kai tsaye daga manifol, inji ya fi sanyi a silo. Akwai gaskiya a ciki. Amma kafsul ɗin da aka auna sifirinsa don bututun kabireta yakan sa silo ya riƙa hawa da sauka in an kai shi manifol. Ga motar neman abinci, wadda gobe wani makanikin ne zai taɓa ta a Ngong ko Mbe, ni na fi son a bar ta yadda kamfani ya tsara.

In ka samu agogon auna zuƙa, ɗora shi a manifol ma. Lafiyayyen inji mai ɗumi yana ba da santimita 43 zuwa 53 na zaiba a silo, wato inci 17 zuwa 21, allura a tsaye. Wannan lissafin na kusa da teku ne. Duk hawan mita 300 yana rage kamar santimita 2.5, saboda haka motar da ta nuna 48 a Garwa, mai tsayin mita 200 da 'yan kai, za ta nuna wajen 41 a Ngaundere da ke kusan mita 1,100, kuma lafiyarta ƙalau. In ya yi ƙasa da haka sosai ko bayan an gyara taimin, a nemi inda iska ke shiga: tiyon bustan birki, gaskit ɗin manifol, wanda a injin nan mai silinda shida dogo ne yana kuma lanƙwashewa, da ƙasan manifol daidai ƙarƙashin kabireta inda zafin salansa ke tsaga shi. Wasu Land Cruiser da zuƙa suke shigar da tayoyin gaba, tiyoyinsu suna bi ta ƙarƙashin mota inda ƙaya da duwatsu ke samunsu. Mai irin wannan ya leƙa can ma.

Yanzu mayar da taimin. A fara da falatine, domin tazararsa tana canza lokacin wuta: in ta ragu wuta ta makara, in ta ƙaru ta gabata. Milimita 0.45 ce. Wanda ya saita taimin sannan ya taɓa falatine ya ɓata aikinsa. Inji ya yi ɗumi, silo wajen 650, a cire tiyon kafsul a toshe ɓangaren kabireta. Alamar 2F ba a fuli take ba, tana jikin filawil, ana leƙenta ta wata 'yar taga a gefen dama, sama da kik. Za ka ga layi, shi ne ƙololuwa, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da aka dasa, shi ne digiri 7. Goge su ka ɗiga musu farin fenti. A maƙala fitilar taimin a wayar buji ta ɗaya, ta gaba kusa da lagireto, a sassauta notin delko a juya har ƙwallon ya tsaya a kan tsinken tagar. Juya jikin delko bin hannun agogo yana mayar da wuta baya, kuma can naka zai nufa. In ba fitilar taimin, ƙwan fitilar mota ya isa. A juya inji da hannu har ƙwallon ya zo kan tsinke rota tana kallon waya ta ɗaya, a haɗa ƙwan tsakanin wayar falatine da jikin inji, a buɗe makulli, a juya delko bin agogo har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da shi a hankali har ya kama. Nan za a ɗaure. Don Allah a naɗe hannun riga, a cire rawani da duk abin da ke lilo. Fanka da bel suna dab da inda ake aiki.

Da inji a kashe, murfin delko a buɗe, kama rota ka murɗa ta bin hannun agogo ka saki. Ta tafi kaɗan ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi ƙarafan ƙasa sun yi tsatsa, in ta tafi ba ta dawo ba sifirin ya saki ko ya karye.

Tagar filawil ba ta da faɗi, da an ɗaga inji alamar ta ɓace. Mai son ganin aikin kowanne da idonsa ya yi wa fulin gaba alama. A kawo layin ƙololuwa kan tsinke, a ɗaura waya mai ƙarfi ta zama manuni, a auna kewayen fuli da zare a raba 36, kowane kashi digiri 10 ne, a jera su gaban alamar farko ta ɓangaren da fuli ke juyawa. Tiyo a toshe, a ɗaga inji a hankali: alama ta riƙa tafiya sumul, ba tsalle. A riƙe a wajen 2,000, a mayar da tiyo: ta ƙara gaba nan take, sautin inji ya ɗan ɗaga. A cire, ta koma. Wanda ya ga haka ya gama da kafsul. Mai duba littafi ya tuna delko rabin gudun inji yake yi, digiri 8 a delko 16 ne a fuli.

Sauran a hanya za a gani, kuma falez ɗin ya isa wurin gwaji. Ƙarar da ke zuwa in an danne totur a hawa ba ta kafsul ba ce, domin a lokacin ba ya aiki. Ta zaman delko ce, ko sifirin ƙarafan ƙasa, ko mai, ko baƙin da ya taru a kan fiston. Wadda ke zuwa a ƙaramin totur, ta ɓace in ka cire tiyo ka toshe, ita ce tasa: yana ja fiye da kima. Matsin 2F wajen 8 ga 1 ne kawai, ba ya da tsirfa a kan mai, saboda haka in yana ƙara a digiri 7 a fara tuhumar abin da ke tanki. Zuwa-zuwa, wato man bakin hanya da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, ba iri ɗaya ba ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ya yi tsada, kuma akwai mai surka shi da kananzir, wanda ke jawo ƙarar nan ko taimin na daidai. Sha tanki guda na gidan mai ka gwada kafin ka sake taɓa delko.

A cikin yashi ko laka, ƙafa na ƙasa, kafsul ba ya komai, don haka zafin da mota ke yi a can a nemi dalilinsa a lagireto da fanka. Amma in kana rarrafe da ƙaramar giya a hanyar duwatsu irin ta Mokolo zuwa Rumsiki, inji na gudu ƙafa sama-sama, ƙarafan ƙasa da kafsul duk a buɗe suke. Nan ne karyayyar waya ko farantin da ya yi girgiɗi ke fara nuna kansu.

In ta tabbata tantani ya yage, sai sauyi. Bakin kafsul a matse yake daga kamfani. Akwai masu buɗe shi su yanka robar cikin taya su sa. Tururin fetur yana lalata ta cikin ɗan lokaci, kaurinta kuma ba ya barin sifirin ya yi aikinsa daidai. Delkon asali na Nippondenso ne, a jikinsa akwai lambar Toyota da ta fara da 19100. Kwafi lambar duka, ka tafi da tsohon kafsul a hannu, ka gwada tsawon hannunsa da wurin sukurorinsa da na wanda za a ba ka, ka kuma zuƙe shi da baki a gaban mai kaya. In ba a samu a Garwa da Marwa ba a tambaya Kusiri da Njamena, Land Cruiser mai fetur ba baƙuwa ba ce a Cadi. Na wata motar yana iya ɗauruwa amma ya ja fiye da kima, don haka ko bayan an sa sai an yi gwajin fuli.

Kafin a samu, motar za ta yi aiki ba kafsul. A toshe bututun kabireta da hular roba mai kyau, a saita digiri 7. In man mai kyau ne ana iya ƙara 2 ko 3, matuƙar ba ƙara a hawa kuma kik ba ya nauyi. Za ta sha mai fiye da ƙa'ida, ka riƙa kallon allurar zafi, amma ba za ta ci fiston ba.

In sandar delkon tana girgiɗi gefe da gefe, sai a sauya shi ɗungurungum, kuma a nan akwai abin da ya kashe injuna da yawa. A injin F da 2F da 3F, ƙasan sandar delko ne ke juya famfon man inji. Harshen sandar yana shiga wata tsaga a kan famfon. Delko yana iya kama giyarsa, mota ta tashi lafiya, alhali harshen bai faɗa tsagar ba, inji yana gudu ba mai. Ka tabbata jikin delkon ya zauna daram a kan bulok, ba rata, kafin a ɗaure noti. In ya rage kaɗan, a zare shi a daidaita tsagar da dogon sukundireba, kada a ja shi da noti. Da ta tashi idonka na kan agogon man inji. In allura ba ta ɗaga cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe ta nan take a sake zaunar da shi.